Gem Ɗin Sallar Ɗiyar Fari

Shekarar da gem ya shigo Tambuwal ina koyarwa a firamaren Kebbe, kuma in gaskiya ake so, lokacin ina ji da kaina. Kuɗin mai sun shigo ƙasa, albashi ya yi kauri. Na sayi sabon babur, na ɗaura agogo mai ɗaukar ido, ga rediyo mai kaset wadda sai an ɗura mata batir shida take magana. Ina kuma da zuciya. Ita wannan ba gwamnati ce ta ba ni ba, da abata aka haife ni. Abu kaɗan ne zai sa in tashi in kaɗe riga in bar wuri, sai na yi nisa in fara tunanin ko da na tsaya.

Alhazai ne suka fara kawo gem ɗin cikin tsaraba, tare da dabino da tasbaha da ruwan zamzam. Abu ne ɗan mitsitsi, bai wuce tafin hannu ba, da ɗan gilashi a tsakiya da maɓalli biyu jajaye. In an kunna sai wani ɗan baƙin mutum ya fito riƙe da kwando, wasu dunƙule-dunƙule suna faɗowa daga sama yana tarewa. Yaran garinmu suka ce goruba ce, aka kuma bar shi a goruba. Duk wadda ya tare sai abin ya yi ƙit. In uku suka kuɓuce masa, wasa ya ƙare, sai a miƙa wa na gaba. Shi ke nan fa. Amma na ga dattijo mai furfura ya karɓa wai zai duba abin da ke lalata yara, har aka kira la'asar bai mayar ba.

Ni ban damu da shi ba sai wata Juma'a, kwana kaɗan kafin a kama azumi. Na zo gida Tambuwal gaida mahaifiyata, wadda muke kira Inna. A ƙofar gidan maƙwabcinmu na ishe yara sun yi da'ira, an sa ɗan gidan a tsakiya da gem ɗin da ubansa ya kawo masa daga Makka. Na rage gudun babur don kada in taka wani. A nan na hangi ɗiyata ta fari cikinsu, tana ɗauke da tiren gyaɗar Inna a ka. Shekarunta tara lokacin. Ban san yadda aka yi ba, ɗan gidan ya miƙa mata, ina jin don a yi mata dariya ne. Ta sauke tire ta karɓa. Kai! Sai ƙit, ƙit, ƙit, ba tsayawa. Goruba tana zubowa kamar ruwan Agusta, yarinyar nan tana tarewa, harshenta a waje. Yara suka fara ihu. Da mai abu ya ga za ta kunyata shi sai ya fizge kayansa ya shige gida. Ta tsaya tana kallon ƙofar da ya shiga, sannan ta ɗauki tirenta ta ci gaba da tallarta. Ni kuwa na kau da kai na wuce kamar ban san ɗiyar waye ba.

Wanda ba ɗan wajenmu ba zai ce wannan wane irin uba ne. To, haka muka tashi muka ishe. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi, ba a nuna an san da zamansa, balle a gaban manya. Kunya ake kiranta, kuma wanda ya fi yinta shi ne mai tarbiyya. Tun ranar da aka yaye yarinyar nan aka kai ta wurin Inna, can ta zauna. Uwarta tana tare da ni a Kebbe da ƙannen yarinyar biyu, waɗanda nake ɗauka in cilla sama in cafe ba mai cewa uffan. Ita kuwa ta farin, in na zo gida sai ta durƙusa daga nesa ta ce, "Malam, sannu da zuwa," kamar yadda kusan kowa a gidan yake kirana. Ni kuma in amsa wa iska. Shekara tara ban taɓa furta sunanta ba, alhali ni na raɗa mata shi a kunne.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, ni ma ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. In tana son in ci abinci sai ta dubi bango ta ce, "Mutanen Kebbe ko sun ƙoshi?" Ni kuma in dubi ƙasa in ce, "Sun ƙoshi." Haka muke hirarmu, kuma muna fahimtar juna, ko in ce mun ɗauka muna fahimta.

A kan hanyar komawa Kebbe ran nan na yanke shawara. Sallar nan sai ɗiyata ta riƙe gem nata na kanta, wanda ba mai fizgewa. Ba gem ɗin ne ya dame ni ba. So nake ko sau ɗaya ta san cewa mutumin nan da ke amsa gaisuwarta yana kallon katanga ya gan ta, kuma yana sane da ita. Tunda baki ba ya iya faɗi, to hannu ya faɗa.

Mutum ɗaya ne ke sayar da irin waɗannan kaya a kasuwar Tambuwal, kuma don Allah ya jarrabe ni, taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina. Kantinsa cike yake da rediyo da agogo da tocila da batir. Tsakanina da shi kuwa wasa ne tun muna yara, irin wanda zai zage ka tas a tsakiyar kasuwa kuma ba ka da ikon yin fushi, al'ada ta ɗaure ka. Da azumi ya kai goma labari ya iso Kebbe cewa ya sauko da kwalin gem daga Kano. Ranar Asabar na yi sammako.

Kafin in isa an riga an yi wa kantin zobe. Ga ma'aikatan sakatariya, ga direbobin motocin haya na kiya-kiya, ga wani mahauci da ko hannu bai wanke ba, kowa yana miƙa wuya. Dozin guda kawai ya samo, masu so kuwa sun fi a ƙirga. Ya hau kan benci yana raba kaya kamar mai rabon gado. Da ya hango ni sai ya washe baki.

"A'aha! Ku ba malamin Kebbe hanya. Mi kaka nema, malam? Alli ya ƙare?"

"Gem nika so," na ce, ina ƙoƙarin rage murya.

"Gem? Kai da gemunka? Wa za ka sai ma?"

"Ina ruwanka? Wani yaro na."

"Wane yaro? Ni fa yau ba ni sai ma kowa sai ya faɗi wanda za shi kai ma, don akwai masu saye su kai Jega su ninka. Kowa nan ya faɗi. Kai ma faɗi suna, ga abu."

Ya ɗaga ɗaya sama yana jujjuya shi. Ya sani sarai. Shi ne fa ya yi mini rakiya ranar sunan yarinyar, shi ya riƙe ƙafar ragon. Mutane suka fara murmushi, don duk wanda ke wurin ya gane inda aka dosa.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, malam," in ji shi. "Suna guda na. Ko harafin farko ka faɗi, mu ƙarasa maka."

Aka tuntsire da dariya. Zuciyar nan tawa ta taso har wuya. Na ce masa ya riƙe tsiyarsa, ai ba shi kaɗai ke da kanti a duniya ba, kuma kafin Sallah sai na zo na kaɗa masa wanda ya fi nasa a gaban hanci. Na buga babur na tafi. Ina jiyo shi yana cewa in gaida mutanen Sakkwato.

Sakkwaton kuwa na tafi, Asabar ta gaba, da azumi a bakina. Na bar babur a Tambuwal na shiga kiya-kiya, aka matse ni tsakanin buhun albasa da wani bawan Allah mai barci a kafaɗata. Na zagaya kasuwa rumfa-rumfa. Duk inda na ce gem sai a yi mini kallon wanda ya zo neman ƙanƙara a cikin murhu. Wani ya ce jiya-jiyan nan na ƙarshe ya tafi. Wani ya ce kaya suna kan ruwa, jirgi ya kasa samun wurin sauke su a Ikko, wato Legas. Wani ya ce masu ƙera shi ne can ƙasarsu suka kasa, don duniya duka ta taso musu. Wani kuma ya ja ni bayan rumfa ya fito da guda a naɗe cikin tsumma, na kunna na ga ɗan mutumin ba kai, sai kwando da ƙafafu. Ya ce wai ai kwandon ne mai aiki. Na ce Allah ya ba shi mai saye.

Uwar yarinyar ba ta tambaye ni abin da nake nema ba, don ita kunyarta ta fi tawa. Amma da na dawo ina huci, tana ajiye mini kunun buɗa-baki sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "An ce Jega ma ana samun kaya." Daga nan na san ta gane, kuma tana so.

Tafiyar Jega ita ce ta kusa kashe ni. Damina ta zauna sosai, hanyar Kebbe ta zama kunu. Sau biyu babur yana nutsewa, na biyun har takalmina ɗaya ya tafi, ban sake ganinsa ba. Wasu manoma da ke noman gero a bakin hanya suka zo suka ciro ni, ɗaya yana tambaya ko asibiti za ni da nake wannan sauri. Na ce eh, don ban ga yadda zan dubi mutum mai fartanya a kafaɗa in ce masa goruba ta cikin gilashi nake bi ba. Na isa Jega da takalmi ɗaya na sayi silifa. Gem kuwa, an ce mini ranar kasuwar da ta wuce har dambe aka yi a kan guda biyu. Wani mai shago ya ce in bar adireshi, in kaya sun zo bayan Sallah zai aiko. Bayan Sallah! Wa ke neman lalle bayan an gama biki?

Ana jajibirin Sallah na sauko Tambuwal da iyali. Na sauke su gidan surukaina, na ɗaure kayan Sallar yaran gidanmu a bayan babur, atamfa da takalma da 'yan huluna. Hanyar gida dole ta bi ta gaban kantin taubashina. Na so in wuce a guje, sai ga shi tsaye a tsakiyar hanya ya buɗe hannuwa kamar ɗan sanda.

"Ina wanda za ka kaɗa min ga hanci?"

"Kauce ko in bi ta kanka."

"Sakkwato lafiya? Jega fa? An ce ka bar musu takalmi sadaka."

Wallahi har yau ban san wanda ya kai masa wannan labari ba. Ya kama kan babur ya ja ni cikin kanti. A kan kantoci gem babu ko ɗaya, har kwalin ma wani ya saye wai don ɗansa ya riƙa nuna wa mutane. Ya durƙusa ya jawo wata tsohuwar rediyo daga ƙarƙashin tebur, ya buɗe bayanta inda ake sa batir. Sai ga gem, sabo fil, cikin ledarsa.

"Tun ranar da kaya sunka iso na ɗauke mata shi," ya ce. "Da ka tsaya mutane sun watse da na ba ka. Amma ina, kai zuciya. Har wani babban ma'aikaci ya aiko direbanai sau uku, na ce babu."

Na rasa abin da zan yi, in rungume shi ko in kwaɗa masa rediyon a ka. Na zage shi, ya rama, muka yi dariya har hawaye. Na biya shi. Ya sa batir, ya gwada, ɗan mutumin ya fito da kansa da komai.

"To kawo in kai mata da kaina," in ji shi. "In ce inji Malam. Ni ba ni da kunyar kowa."

Ga hanya fa a buɗe. Haka ake yi tun kaka da kakanni. Abin da uba ba ya iya miƙa wa ɗan fari, taubashi ko gwaggo ke kaiwa, kowa ya san daga inda ya fito, ba a kuma karya al'ada ba. Amma ni da na sha laka har wuya, sai na ji ba na son ya bi ta hannun kowa. Na ce masa ni zan kai abina. Ya dube ni ya girgiza kai, ya ce Allah ya sa bakin ya buɗe.

Na shiga gida bayan la'asar. Inna tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafar Sallah a faifai. Ɗiyar tawa tana gefe tana fifita wuta. Ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa wa katanga kamar kullum. Tun daga kanti nake shirya maganar da zan yi. Cewa zan yi, wannan na mai fifita wuta ne. Ba suna a ciki, ba komai. Na kwance ƙunshin kaya na ajiye a gaban Inna, na ɗora gem ɗin a sama.

"Ga kayan Sallar yara," na ce.

"Allah shi yi albarka," in ji Inna, tana yi wa faifai magana. "Allah shi ƙara buɗi."

Ta ɗaga atamfa ta duba, ta jera takalman. Sannan ta ɗauki gem ɗin da yatsu biyu kamar ta kama kunama, ta tambayi wata kaza da ke wucewa, "Wanga fa, na wa na?"

Na ga mafici ya tsaya a hannun yarinyar. Ba ta juyo ba, amma na san kunnenta yana wurinmu. Ga Inna a gabana, wadda ta yi shekara talatin da wani abu tana riƙe da kunyata ba ta taɓa saki ba. Sai harshena ya yi nauyi. Maganar da na shirya ta ƙi fita.

"Na yara na," na ce.

"To," in ji Inna. Ta tura shi ƙarƙashin matashi.

Na fita ina gaya wa kaina ai ta gane. Uwa ce fa. Wa zan sha wannan wahala dominsa in ba ɗiyata ba? Abin da ban lissafa ba shi ne, Inna ba ta san na sha wata wahala ba, don ban faɗa ba, ita kuma ba ta da bakin tambayata. Kuma a ganinta, ɗan da ta haifa mai kunya ba zai taɓa ware ɗiyarsa ta fari ya yi mata kyauta ta musamman a gabanta ba. Zato mai kyau ta yi mini. Ga shi kuma a gidan akwai ɗan ƙanena, yaro ɗan shekara shida da aka sa wa sunan marigayi mahaifinmu, don haka Inna take ce masa Maigida, ba ta kuma iya hana shi komai. Ashe tun farkon azumi yake birgima a ƙasa a kan gem.

Ranar Sallah gari ya waye da yayyafi, aka yi idi cikin sauri kowa yana kallon sama. Da muka sauko na biya na gaida surukai, sannan na nufo gida da sabuwar shaddata, ina tafe ina murmushi ni kaɗai. Tun daga zaure na jiyo ƙit, ƙit. Na ce alhamdu lillahi. Amma ƙit ɗin ba irin wanda na ji ran nan ba ne. Ɗaya, biyu, sai shiru, sai a sake daga farko.

Tsakar gida cike take da mata, gwaggonni da matan ƙannena da maƙwabta, ana ta zuba tuwon shinkafa a kwanuka ana aikawa gidaje. A kan turmi kuwa ga Maigida zaune ya harɗe, da sabuwar hular da na sayo, yana danna gem ɗina da babban yatsa kamar mai kashe kwarkwata. Goruba sai zubewa take yi. Ɗiyata tana tsaye a bayansa cikin sabuwar atamfa, hannuwanta jajir da lalle, tana leƙe ta saman kafaɗarsa.

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na zauna a kan tabarmar da aka shimfiɗa mini, aka shiga yi mini barka da Sallah ina amsawa ban san me nake cewa ba. Haushin Inna nake ji, da na yaron, da na taubashina da bai matsa mini ba, amma duk wanda na ɗora wa laifi sai laifin ya zamo ya dawo kaina. Ba dama in karɓe abu daga hannun yaro ƙarami ranar Sallah, a gaban uwarsa, bayan kakarsa ce ta ba shi. Wannan ko mahaukaci ba ya yi.

Sai na ji muryarta, a hankali. "Maigida, ara min sau guda. In nuna maka yadda a ka yi."

"Ba ni ba ki."

"Sau guda ɗai."

Yaron ya ɓoye abin a ƙirji ya juyo. Yaro ne, abin da yake gani kullum shi ya faɗa, da muryar nan tasu da ba ta san a rage ba.

"Ni Baffa ya sawo ma! Ke mi ya taɓa sawo miki? Ko sunanki bai sani ba!"

Wasu matan suka yi dariya, uwarsa ta ce, "Kai, rufe mana baki." Ita yarinyar ba ta yi kuka ba, ba ta ma ɓata fuska ba. Ta ɗan gyaɗa kai kawai, kamar wadda aka gaya wa abin da ta daɗe da sani, ta juya za ta koma wurin kwanuka. Wannan gyaɗa kan shi ne ya gama da ni. Da ta yi kuka da da sauƙi.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Zuciyar da ta saba fitar da ni daga wuri, ran nan ita ce ta zaunar da ni ta buɗe mini baki. Na kira sunanta. Cikakke, da ƙarfi, yadda nake kiran rajista a aji.

Wata gwaggona ta tsaya da mara a hannu, tuwo yana ɗiga. Matar ƙanena ta rufe baki da gefen zane. Inna ta juya fuskarta ga bango. Ni kaina na ji sunan baƙo a bakina.

Yarinyar kuwa ta waiga, amma ba wajena ba. Ƙofar zaure ta duba, tana neman baƙon da ya shigo yana kiranta. Ba ta san sunanta da muryata ba. Sai da ta ga ba kowa a ƙofa, ta ga kuma duk idon gidan a kaina yake, sannan ta juyo a hankali. Ta tako ta durƙusa, ba daga nesa ba wannan karon, dab da bakin tabarma.

"Malam, ni?"

"Ke," na ce. Kuma a fuska na dube ta. Ashe idanun uwarta gare ta, da ɗan tabo a gira wanda ban san lokacin da ta samu ba.

Tana jira in faɗi abin da na kira ta dominsa, ni kuwa ba ni da komai. Gem yana hannun mai shi, har ya koma dannawa. Aljihuna ba abin da ya dace da wannan kira. Sai Inna ta yi gyaran murya, har yanzu tana fuskantar bango, ta ce, "Mutanen Kebbe sun sha hanya. A ba su ruwa mana."

Yarinyar ta tashi da gudu har tana tuntuɓe da kwano. Mata suka koma kan tuwonsu, kowacce tana magana da ƙarfi fiye da kima don a rufe abin da ya faru. Na san kafin magariba labari zai kai kasuwa, kuma taubashina zai samu abin yi da ni har ƙarshen rayuwa. Ban damu ba.

Ta dawo da kwanon sha cike, ta riƙe shi da hannu biyu, ruwa yana zuba a kan lallenta. Ta durƙusa ta miƙo. Ba ƙishirwa nake ji ba, amma na shanye shi tas. Na miƙa mata kwanon. Ta karɓa, ba ta tashi ba. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin kwanon da yatsa, sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji.

"Malam, ɗazu hayaniya ta yi yawa. Ban ji da kyau ba."

Na sake kiranta.